Na samu fili kusa da teku a Badagiri, wane irin gida zan yi da ba zai cinye ni ba?

Baban Ummi (Tunfure):
Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar gini ku taimaka min da shawara. Ni ɗan Gombe ne, iyalina suna nan Tunfure, amma shekara 11 ke nan ina kai wake da masara Legas, rabin shekarata a can take ƙarewa. To wani abokin cinikina ya riƙe min kuɗi ya kasa biya, ƙarshe dai fili ya ba ni a wajen Badagiri, rabin fuloti, in ka tsaya a ciki kana jin rugugin teku, tafiyar minti 7 ce a ƙasa. Da sayarwa zan yi, amma da na kai yara suka gani sai Ummi ta kafe wai ita ba ta yarda ba. Shi ne nake tunanin in ɗan yi abu ƙarami, ɗaki 2 da falo da baranda, mu riƙa zuwa in an yi dogon hutu, ni kuma in huta da kuɗin masauki. Ba na son gidan da zai riƙa cin kuɗin mai da gyara, sola nake so ba janareta ba. Kuma raina ya fi kwanta wa ginin ƙasa irin namu saboda sanyinsa, har na yi magana da maginin da ya yi wa baffana gida a Deba ya ce in dai zan biya masa mota zai je. Zai yiwu kuwa?

Injiniya na Bolari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri. Amma maginin Deba dai ka bar shi a Deba, ba don bai iya ba, abin da ya saba faɗa da shi daban ne. Mu nan rana da ƙura muke kare kai daga gare su, shi ya sa muke yin katanga mai kauri da ƙananan tagogi. Can kuwa danshi da gishiri ne, in ka toshe gida kamar na Gombe to ka gina tukunyar dambu kawai. Iska ake so ta shiga ta nan ta fita ta can, kowane ɗaki taga 2 a bango daban-daban, manya, kuma ka sa ɗaya ta kalli kudu maso yamma don daga nan iskar teku ke tasowa. Raga ta sauro dole.

Sai maganar gishiri, wadda ita ce mutanenmu ba sa yarda sai sun gani. Iskar nan da kake jin daɗinta gishiri take ɗauke da shi, tana cin ƙarfe kamar gara ta samu katako. Kwanon zinc na gama-gari kada ma ka fara, ka sa alminiyam, kuma har kusoshin su zama marasa tsatsa, don na sha ganin rufi lafiya lau amma kusa ta ruɓe iska ta yaye shi. Rodin da ke cikin kankare ma bai tsira ba, in ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa simintin daga ciki. Nan mukan bar kaurin kankare milimita 25 a kan rodi, can ka ce a yi 50, ka tsaya a kai ranar zubi don in ka juya baya ba za a yi ba. Kuma kada ka bari a kwaɓa maka siminti da yashin bakin teku wai don yana kusa kuma kyauta ne.

Ƙasar wajen yashi ce, ruwa yana kusa da sama, wani wurin ka haƙa kaɗan ka tarar da shi. A gwada ƙasa kafin a zana harsashi, a ɗaga daɓe sosai sama da titi, a shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa. Kuɗinka a ƙasa zai fi tafiya, ka sani tun yanzu.

Maman Hanif:
Baban Ummi ni ba injiniya ba ce amma na zauna Ojo shekara 4 lokacin da maigidan yake aiki can, kuma hanyarku ɗaya da Badagiri. Wata shekara muka zo Gombe azumi da sallah muka rufe gida wata 2 cif. Ranar da muka koma makulli a cikin kwaɗon ya karye, sai da aka kira mai walda. Na buɗe sif, takalman fata na maigidan duk sun yi fumfuna kore shar kamar burodin da aka manta, atamfofina na lefe da na adana a ƙasan akwati suna wani irin wari da har yau in na tuna sai na ji shi a hancina, katifa kuwa ta yi sanyi kamar an yayyafa mata ruwa. Wata 2 fa kawai. Kai kana maganar gidan da za a riƙa rufewa wata da watanni.

Don haka shawarata ka cire ɗaki ɗaya daga lissafinka ka mayar da shi na mai gadi da iyalinsa, wanda zai riƙa buɗe tagogi kullum. Kada ka sa kafet, kada ka sa sif mai manne da bango, gado mai ƙafa. Sannan dogon hutun yara ai Yuli zuwa Satumba ne, Yuni da Yuli ruwa ake kamar da bakin ƙwarya a can, sai Agusta yake ɗan tsagaitawa. Ka yi baranda mai faɗi inda za a shanya kaya yara su yi wasa, in ba haka ba Hajiya za ta ce a dawo da ita Tunfure kafin sati.

Na Kafin Madaki:
Yallaɓai Injiniya ban ƙi taka ba, amma kada a yi wa ginin ƙasa kuɗin goro. Mu a garinmu Gidan Madaki da shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina tun 1860 yana nan tsaye, ƙasa ce da azara, gidaje nawa na bulo suka zube a gabansa? Ƙasa abu 2 take so, hula da takalmi. Rufi ya zarce bango sosai ruwa kada ya doke shi, gindin kuma a yi shi da dutse ko kankare ya ɗago. Yanzu ma akwai bulon jar ƙasa da ake sa wa siminti kaɗan a matse da inji, ba a ƙona shi, ba ya son falasta, kuma a kudu ma ana yi. Abin da zan yarda da shi dai shi ne in babu jar ƙasa kusa sai an ɗauko ta daga nesa to arahar ta gudu.

Sarkin Gardama:
Ni duk ba wannan ba. Alhaji ka ga takarda? Wanda ya kasa biyan bashi ya miƙa maka fili a Legas kai kuma har kana zaɓen rufi? Ka nemi safiyo da lauya su duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta karɓe, kuma akwai tazarar da doka ta hana gini daga bakin teku. A 2024 da aka fara titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba kowa ya ga yadda aka rusa gine-gine, ga kuma titin Sakkwato zuwa Badagiri da aka ƙaddamar a shekarar, ka san ta ina zai bi? Ban da 'yan omo-onile, masu cewa su ne 'ya'yan masu ƙasa suna karɓar kuɗi, da za su zo maka ranar harsashi su dawo ranar rufi. In ruwa kake son yara su gani ga madatsar ruwan Dadin Kowa nan a bayan gida, ka sayar da wancan ka yi ɗan gida a can, siminti ga Ashaka, magininka na Deba ma da mashin zai riƙa zuwa, kifi kuma sai kun ture.

Baban Ummi (Tunfure):
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Maman Hanif na karanta wa uwargida labarin atamfofin, ta ce ita ko ɗankwali ba za ta bari a can ba. Sarkin Gardama ka taɓa min inda ke min ƙaiƙayi, gaskiya takardar iyalan masu ƙasa ce kawai da rasit a hannuna, mako mai zuwa in na sauke kaya zan nemi safiyo kafin in sayi ko bulo ɗaya. Dadin Kowa kuma ai kullum muna zuwa, yaran teku suke so. Injiniya ba ka ce komai a kan ruwan sha da sola ba, makwabcin filin ya ce min rijiyarsa da ɗan zartsi.

Injiniya na Bolari:
Zartsin nan ruwan teku ne yake kutsowa ta ƙasa, kuma in ana zuƙa da yawa ƙaruwa yake. Ka bar rijiya ta yi wanka da wanki, na sha ka tara daga sama. Lissafin mai sauƙi ne, milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ruwan Legas yana haura milimita 1,500 a shekara, in rufinka murabba'in mita 60 ne ka ga lita 90,000 ke nan a takarda, ko ka zubar da kashi ɗaya cikin 4 ba za ku iya shanye sauran ba. Indararo na roba, tanki 2 a kan dakali, ruwan farko a bar shi ya wanke rufi ya zube, sannan a tace ko a tafasa. Masai kuma ka nisanta shi da rijiya iya yadda filin ya ba ka, a yi masa tanki mai rufe da ba ya yoyo tunda ruwan ƙasa na kusa.

Sola za ta yi, amma kada mai haɗawa ya yi maka lissafi da ranar Gombe, can a damina sai a wuni hadari bai yaye ba, ka ƙara fanel a kan abin da ya ce. Ƙarfen da za a ɗaura su a kai alminiyam, inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida) da batir a cikin ɗaki mai iska nesa da ƙasa, mai gadin kuma ya riƙa goge fanel da ruwan tanki don gishiri yana kwanciya a kai. Ka turo min girman filin da inda titi yake in safiyo ya gama, zan zana maka a takarda ka ga inda barandar za ta faɗa.