Takobin tai chi ya ɓalle a hannuna, wanne ne mai ƙarko?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Jama'a, raina a ɓace yake. Shekara shida ina tara takubba. Ina da na Buzaye guda biyu, da na hawan sallah da na gada wajen kakana. Sai na ce bari in ƙara da jian, miƙaƙƙen takobin nan mai baki biyu da 'yan tai chi ke atisaye da shi a Caina. Na yi oda, na yi zaman jira sati bakwai. Kwana uku da isowarsa ina wulwula shi a tsakar gida sai na ji ƙwas, ruwan takobin ya yi nasa wuri, mariƙin na hannuna. Ɗana yana zaune bakin rijiya, Allah ne ya kiyaye. Da na kwance notin gindi, ashe wutsiyar da ke cikin mariƙin wani ƙarfe ne siriri kamar fensir da aka liƙa da walda, daidai waldar ya rabu. Jabu aka sayar mini. Don Allah wanda ya sani, wane iri zan saya da zai daɗe?

Alhajin Gwanzu: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Amma kalmar jabu ɗin nan ka janye ta. Jabu shi ne a ce maka zinare a ba ka dalma. Kai na ado ka saya, na ratayewa a bango, kuɗinka ne ya tsaya nan.

Baban Khalifa: Alhaji, a tallar an rubuta na atisaye ne.

Ɗalibin Wuhan: Ranka ya daɗe Alhaji, a nan kam jabu ne. Takobin kirki wutsiyarsa da ruwansa ƙarfe ɗaya ne, a ƙera su tare, ta ratsa mariƙi da faɗinta har gindi. Wanda aka yi wa walda ko sara iska bai kamata a yi da shi ba. Kuma yawancin irinsu da ƙarfen silba ake yi, wanda ba ya tsatsa, shi kuwa in ya yi tsawo saurin karyewa gare shi. A nemi na ƙarfe mai sinadarin kabon, kamar mai lamba 1060 ko T10, ko ƙarfen sifirin 65Mn mai lanƙwasa ya dawo.

Alhajin Gwanzu: Yaro, shekara goma sha huɗu ina hawa jirgin Gwanzu. A Caina ba a cewa jabu, daraja-daraja ce. Masana'anta ɗaya za ta yi maka na ɗaya, na biyu, na uku.

Maman Ilham: To Alhaji in an sayar maka da na uku da sunan na ɗaya, mene ne sunansa?

Alhajin Gwanzu: Hajiya, wannan ha'incin ɗan kasuwa ne, ba laifin kaya ba.

Ɗan Maƙera: Ni duk takobin da ke rawa kamar ganyen rake jabu ne a wajena. Na ga bidiyonsu, tsofaffi a lambu da safe, wani ma ana tura shi ciki ya naɗe kamar eriyar rediyo. Wannan takobi ne?

Ɗalibin Wuhan: Baba, kun haɗa abu uku. Mai naɗewar na tsofaffi ne masu motsa jiki, don ya shiga jaka. Mai rawar na 'yan wasan wushu ne, wato wasan nuna dabarun faɗa na Caina, da gangan ake sirantar da shi don ya yi sauƙi ya yi ƙara. Jian na gargajiya yana da tauri, nauyinsa bai cika kai kilo ɗaya ba. Kuma kada a raina ƙirarsu. A gidan tarihin Hubei da ke nan Wuhan na tsaya gaban takobin Sarki Goujian da idona. A 1965 aka tono shi daga kabari, ya haura shekara 2,000, da kaifinsa.

Ɗan Maƙera: Wancan ai na tagulla ne, na karanta. Tagulla ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, to ina abin mamaki? Kawo na ƙarfe mu gwada da takoba ta Agadas.

Ba'agade: Gaskiyarka Baba. Namu uba ya riƙe, ɗa ya riƙe, jika ya riƙe.

Ɗalibin Wuhan: Da yawa daga cikin tsofaffin takubban Buzaye ruwansu daga Turai aka kawo, irin na Solingen a Jamus. Mariƙi da kube ne aikin gida.

Ba'agade: Ka iya bakinka. An tura ka karatu ka dawo kana zagin iyayenka.

Ɗalibin Wuhan: Ban zagi kowa ba wallahi, tarihi ne.

Ɗan Maƙera: Kakana a Tamburawa ya yi ƙira har ya rasu, bai taɓa jin sunan Jamus a bakin maƙera ba.

Maman Ilham: Ku dai kun bar bawan Allah da tambayarsa. Mijina ma yana da guda, da hunturu ya zo kuben katakon ya tsage tun daga baki har rabi. Wannan shi ma jabu ne?

Alhajin Gwanzu: Yauwa Hajiya! Kin ga ni? Iskarmu ce busasshiya, katako ya sha danshi a can ya zo nan ya ja jiki. Sai a ce Caina ta cuce mu.

Ɗalibin Wuhan: Katakon da bai gama bushewa ba aka yi aikin da shi. Shi kuma ruwan, in mai kabon ne, a goge yatsu bayan an taɓa, a shafa ɗan man keken ɗinki, musamman da damina.

Alhajin Gwanzu: Wanda ke so ya yi mini magana ta gefe. Longquan ce garin takobi, a lardin Zhejiang take, lardi ɗaya da Yiwu inda nake sayayya.

Ba'agade: Ashe talla ce tun ɗazu. Shi ya sa kalmar jabu ta yi maka zafi.

Alhajin Gwanzu: Ka nemi yafiyata. Ban taɓa cin kwabon kowa a gidan nan ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta: kowa ya yarda cewa kayan oda ba abin dogaro ba ne, kuma takobinmu na gida ya fi ƙarko, kamar yadda Baba da Ba'agade suka tabbatar. Ɗalibinmu ya kawo lambobin ƙarfe, mun gode, amma ya riƙa girmama manya. Baban Khalifa, ka leƙa Kasuwar Kurmi ka huta.

Baban Khalifa: Shugaba, ina da na gida har uku. Jian nake nema. Ɗalibi, in na ce mai sayarwa ya kwance mariƙin ya turo mini hoton wutsiyar kafin in biya, suna yarda?