Rubin Carter: Da ba a ɗaure shi ba, da gaske zai ɗauki kambun duniya?

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga manyanmu masu bin tarihin damben boksin. Duk inda aka ambaci Rubin Carter, Ba'amurken da ake yi wa laƙabi da Hurricane, sai a ce kurkuku ne ya hana shi zama zakaran duniya a ajin matsakaita nauyi. Na san an kama shi a 1966 bisa zargin kisan mutum 3 a wata mashaya da ke garin Paterson na jihar New Jersey, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1967, kuma a 1985 wani alƙalin kotun tarayya ya soke hukuncin. Ba shari'ar nake tambaya ba, ɗan damben nake tambaya. Ya yi wasa 40, ya ci 27, daga ciki 19 da bugun kwaf ɗaya, an doke shi sau 12, ya yi kunnen doki sau 1. Mutumin da aka doke sau 12 a cikin shekara 5 kacal, anya ya kai matsayin da ake ba shi, ko kuwa tausayin abin da ya same shi ne ya ƙara masa girma?

Malam Na Bakin Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, yawan faɗuwa kaɗai ba ya auna ɗan damben wancan zamani, domin a lokacin ba a lallaɓa matashi da abokan karawa masu rauni don a tsare masa suna. Carter ya koyi dambe ne lokacin da yake soja a Jamus, bai kuma shiga na kuɗi ba sai a 1961 yana da shekara 24, amma cikin shekara 3 ya isa ƙofar kambu. A watan Oktoban 1962 ya fuskanci Florentino Fernández, ɗan Kyuba mai nauyin hannu wanda shekara guda kafin nan ya yi turmi 15 da Gene Fullmer a wasan kambu, ya kuwa buge shi cikin daƙiƙa 69, har mutumin ya zube ta tsakanin igiyoyi. A 1963 ya doke George Benton, wanda masana suke lissafawa cikin ƙwararrun masu kare kai. A ranar 20 ga Disambar wannan shekarar, a birnin Pittsburgh, ya kayar da Emile Griffith sau biyu a turmin farko, alƙalin wasa ya tsayar da karawar. Bayan wata biyu ya ci Jimmy Ellis da maki, wanda daga baya ya riƙe kambun ƙungiyar dambe ta WBA na manyan masu nauyi a 1968. Wanda ya jera waɗannan sunaye cikin wata 16 ba tausayi ne ya ɗaga shi ba, hannunsa ne.

Alhaji Mai Rediyo:

Malam, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, sai dai ka tsaya daidai inda labarin yake da daɗi. Carter ya samu damar ɗaukar kambu, kuma ya same ta yana kan ganiyarsa, ba tare da wata shari'a a wuyansa ba. A ranar 14 ga Disamba 1964 ya hau fage da mai riƙe da kambun, Joey Giardello, a Filadelfiya, turmi 15, Carter yana da shekara 27, Giardello kuwa 34, da wasanni fiye da 100 a bayansa. A turmi na 4 Carter ya girgiza shi, jini ya ɓalle a gefen idon Giardello, kowa ya zaci aiki ya ƙare. Daga turmi na 5 kuwa sai tsohon hannu ya canza salo, yana zagaya fage, yana tsikarar sa da hagu, yana riƙe shi duk lokacin da ya matso, shi kuwa Carter yana biye da shi yana jiran naushi ɗaya da zai gama komai, naushin da bai zo ba har aka tashi. Alƙalai 3 duka Giardello suka ba, kuma mafi yawan 'yan jaridar da ke bakin fage sun yarda da hukuncin. Fim ɗin da aka yi kan rayuwar Carter a 1999 ya nuna kamar ƙwace aka yi masa saboda launin fatarsa, abin da ya sa Giardello ya kai masu fim ɗin ƙara, daga baya aka sasanta. Hoton wasan yana nan a intanet, kuma gani ya kori ji.

Wasan da ya fi warware mini wannan magana shi ne na ɗan ƙasarmu Dick Tiger, mutumin Amaigbo, wanda ya kare kambunsa a gaban Fullmer a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a 1963. Sun haɗu da Carter a zauren Madison Square Garden da ke New York ranar 20 ga Mayu 1965, Tiger yana da shekara 35, ba ya kuma riƙe da kambu a lokacin. Shi Tiger ba mai gudu ba ne, yakan kafa ƙafa ne a tsakiyar fage ya jira ka kawo hannu ya mayar maka da nasa. Wato irin wasan da Carter yake so aka ba shi, gaba da gaba, amma sau 3 yana kaiwa ƙasa, biyu a turmi na 2, ɗaya a turmi na 4, kuma da ƙyar ya ga ƙarshen turmi na 10. Shi da bakinsa ya ce bai taɓa shan duka irin wannan ba, a cikin fage ko a wajensa. To, mai zagaye ya ci shi da dabara, mai tsayawa ya ci shi da ƙarfi, ta wace hanya zai bi ya kai ga kambun? Fernández ɗin da aka ambata ma, Tiger ya riga ya tsayar da shi a turmi na 6 a watan Janairun 1962, wata 9 kafin Carter ya same shi.

Baba Ɗan Tasha:

Ina so in ƙara abu ɗaya game da Griffith. A daren da Carter ya buge shi, Griffith zakaran ajin ƙasa ne, na masu nauyin fam 147, ya hau ne ya gwada sa'a da masu fam 160. Nasara ce babba, amma ƙaramin jiki ne ya tsaya musayar naushi da wanda ya fi shi ƙashi tun kafin jikinsa ya ɗumama. Luis Rodríguez, wanda shi ma daga wancan ajin ya fito, bai yi wannan kuskuren ba, ya kuma ci Carter da maki har sau biyu.

Malam Na Bakin Kasuwa:

Baba, na karɓi batun nauyi, amma wannan Griffith ɗin ne ya karɓe kambun matsakaita nauyi daga hannun Dick Tiger a watan Afrilun 1966, bayan Tiger ya ƙwato shi daga Giardello a Oktoban 1965. Ke nan a shekarar da aka kama Carter, wanda ke kan karaga mutum ne da ya taɓa zubarwa cikin minti 3. Masu shirya wasa suna son irin wannan labari, domin yana cika zaure. Da an sake haɗa su, ban ce lallai zai ci ba, amma mai irin wannan hannun hagu ba a cire masa rai sai an ji ƙararrawar ƙarshe.

Alhaji Mai Rediyo:

Malam, kafin a haɗa shi da Griffith sai ya ci wasannin da ke gabansa, kuma a nan ne lissafi ya ƙi shi. Ya shiga wasan Giardello da nasara 20 da faɗuwa 4. Bayan wannan wasan zuwa ƙarshe ya yi wasa 15, ya ci 7, an doke shi 7, ɗaya kunnen doki. Ba manya kaɗai suka ci shi ba, Harry Scott ya ci shi a Landan a 1965, kuma wasansa na ƙarshe, da Rocky Rivero a Ajantina a watan Agustan 1966, faɗuwa ya yi. Yana yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan yana karɓar wasan da ya samu, wanda hakan alama ce ta ɗan damben da kasuwarsa ta fara ja baya a gida. Shekararsa 29 lokacin da aka kama shi, kuma masu dogaro da ƙarfin farmaki irinsa ba kasafai suke sake tashi ba idan suka fara gangara.

Ni a wurina, idan ana neman wanda ya cancanci a yi wa kukan rashin kambu a wannan zamanin, Joey Archer ya fi shi hujja, domin ya ci Carter a 1963, ya ci Dick Tiger a 1964, ya kuma kai Griffith ƙarshen turmi 15 sau biyu a wasan kambu. Amma yau wa yake ambaton Archer? Carter ya cancanci zama na 3 a jerin masu neman kambu da mujallar dambe ta The Ring ta ba shi bayan ya buge Griffith, kuma a turmi ukun farko babu wanda zai so ya tsaya a gabansa a 1963. Zaluncin da kotu ta tabbatar an yi masa a shari'a abin baƙin ciki ne na gaske, ya cinye masa kusan shekara 19, kuma kambun girmamawa da hukumar dambe ta WBC ta ba shi a 1993 bai biya ko kwana ɗaya daga ciki ba. Sai dai kambun gasa, wannan Giardello da Tiger ne suka tsare masa hanyarsa.

Ɗan Sabon Gari:

Na gode, Alhaji, na gode Malam da Baba. Na kalli wasan Tiger, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Carter ya tashi duk sau ukun ya ƙarasa turmi 10. Malam, tunda kai ne mai kare shi, ina so ka duba wasan Benton ka gaya mana yadda ya ci mai kare kai irin wannan, domin alƙalan sun rabu a hukuncinsu, kuma idan har ya iya warware dabarar Benton a 1963, sai mu san abin da ya hana shi yin haka da Giardello.