Saura wata takwas in yi ritaya, ban san inda zan dosa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Injiniyan ruwa ne ni, shekara 33 ina aiki wuri ɗaya, yanzu saura wata takwas in ajiye. Makon jiya 'yan ajinmu na jami'a suka fitar da ɗan littafin cikarmu shekara 35 da kammalawa. Kowa da hotonsa da abin da ya zama: wannan farfesa, wancan mai kamfani, wata ta wallafa littattafai. Da na buɗe shafina, layi biyu ne kacal ƙarƙashin hoton. Na daɗe ina kallonsu. Allah shaida ba hassada nake ba, amma zuciyata ta yi nauyi. Ga abokina ya dame ni mu zuba kuɗin sallamata a motocin haya, harkar da ban taɓa yi ba. Ni kuma raina na son komawa karatu. Waɗanda suka riga ni, me kuka yi?

Wata tsohuwar akanta ta amsa:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ka ji daga wadda ta taka ƙayar. Kada ka taɓa kuɗin nan sai ka shekara a gida. Ni wata na biyu na zuba rabin nawa a sana'ar da ban san kanta ba, don kawai kada a ce ina zaune, kafin shekara babu uwa babu riba. Kuma asarar ba ta kai zaman banza ciwo ba. Litinin ta farko na shirya tsaf, jaka a kafaɗa, mukulli a hannu, sai a bakin ƙofa na tuna babu mai jirana a ofis. Na koma na zauna a bakin gado da takalmina a ƙafa. Tun yanzu ka nemi abin da zai riƙa fitar da kai kwana uku a mako, ko ba a biyanka.

Wani malamin jami'a ya ce:
Ranka ya daɗe, gemu ba ya hana ilimi. Nelson Mandela yana da shekara 70 ya kammala digirinsa na lauya ta hanyar karatu daga nesa, yana kurkuku. John Goodenough, wanda bincikensa ya share fagen batirin da ke cikin wayoyinmu, ya bar Oxford a 1986 saboda dokar ritayar dole ta kusa cim masa, ya koma Jami'ar Texas ya ci gaba. A 2019 aka ba shi kyautar Nobel yana da shekara 97. Ka koma ajin, Baba.

Wani ɗan ajinsu ya sa baki:
Malam, ban yarda da kai duka ba. Goodenough bai canza layi ba, wuri ya canza. Kuma in don a ƙara layi a littafin 'yan aji ne, digirin ba zai warkar da komai ba. Kai kuma mutumina, ni na san layi biyun nan. Rijiyoyi nawa ka tsaya a kansu har suka ba da ruwa? Ka duba Jimmy Carter. Ya sauka daga shugabancin Amurka a 1981 yana da shekara 56, bayan ya sha kaye a zaɓe. A 1986 cibiyarsa ta shiga yaƙi da kurkunu, lokacin masu cutar sun kai kimanin miliyan 3.5 a duniya. A 2023 mutum 14 aka samu. Cutar ba ta da magani ba ta da rigakafi, da tace ruwan sha da haƙa rijiyoyi aka fi cin ƙarfinta, wato sana'arka. Yaran da ke fitowa daga jami'a sun iya lissafi a kwamfuta, amma ba su taɓa jin ƙarar famfon da ya kusa ƙonewa ba. Da tsohuwar zuma ake magani, ka ja biyu ko uku a jiki.

Wata likita ta ƙara:
Yallaɓai, kada ka manta da mutane. Jami'ar Harvard ta soma bin rayuwar ɗalibanta 268 tun 1938 har tsufansu. Abin da ya fito fili shi ne, wanda ke jin daɗin zamansa da iyali da abokai a shekara 50 ya fi samun lafiya a shekara 80. Abokan ofis suna raguwa da an daina haɗuwa, haka abin yake. Ka je a duba hawan jini da sukari kafin ka sauka, sannan ka zauna da uwargida, ita ma rayuwarta za ta canza.

Mai tambaya ya dawo:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Na faɗa wa abokina maganar mota ta dakata. Akwai yaro a sashenmu da kullum yake biyo ni da tambaya ina cewa sai na samu lokaci, gobe zan tafi da shi wurin aiki. Hajiya akanta, shekarar da kika ce a jira, a ina kika ga ya fi dacewa a ajiye kuɗin?