Mayar da Golf 3 daga injekta zuwa kafireta: waɗanda hannunsu ya taɓa aikin su yi bayani

Direban haya: Assalamu alaikum iyayen gida. Golf 3 ce, inji 1.8, giyar hannu, mai injekta guda ɗaya a sama, irin wadda in ka hango sai ka ɗauka kafireta ce. Silo ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga baƙin hayaƙi. An ba ni shawarar a sauke injektar a ɗora kafiretar Golf 2. Me da me ake canzawa, kuma a ina aikin ya fi ɓaci?

Bakaniken inji: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗora kafiretar shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Injin 1.8 mai bawul takwas na Golf 3 ɗan gida ɗaya ne da na Golf 2, don haka manifol ɗin Golf 2 mai kafireta, wato bututun da ke kai mai da iska cikin inji, yana hawa kan hed ba tare da huji ko walda ba. A sayo su a haɗe: manifol, kafireta, robar da ke tsakaninsu, gidan filtar iska da maƙalin wayar totur. Gasket sabo, kada a mayar da tsoho ko da an shafe shi da gam.

Inda ake shan wahala wuri biyu ne, mai da wuta. Kwakwalwar motar ba injekta kaɗai take sarrafawa ba. Ita ke tayar da famfon mai, ita kuma ke zaɓar lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ka cire ta, to dole ka nemo wa ayyukan nan biyu wanda zai yi su.

Mai wayarin: Kafin a kwance ko noti ɗaya, Malam, a gwada abu huɗu, don alamomin da ka lissafa sau da yawa ba laifin injekta ba ne.

Na farko sensar zafin ruwa, a jikin bututun ruwan da ke fita daga hed. A sa mata mita: da sanyin safe, wajen digiri 20, tana ba da kusan ohm 2,500, in inji ya yi zafi zuwa digiri 80 ta sauko wajen ohm 300. In ta maƙale a sama, kwakwalwa za ta ɗauka kullum injin a sanyaye yake, ta yi ta ɗura mai. Baƙin hayaƙin ke nan. Na biyu robar da injektar ke zaune a kai. A tayar da mota, a kama kan injektar a girgiza shi a hankali. In silo ya canza murya, robar ta tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Na uku sensar salansa, wadda ya kamata ta riƙa kai-komo tsakanin volt 0.1 da 0.9 in inji ya yi zafi. Na huɗu wayoyin nagatif da ke ɗaure a jikin inji, a kwance a goge su har su yi haske.

In waɗannan duk lafiya, sai a duba sensar totur da ke gefen injektar. Ita ce in ta cinye ake rasa yadda za a yi, domin samunta ita kaɗai da wuya, kuma a nan ne maganar kafireta ke da hujja.

Mai kafireta: Bari in ɗauki ɓangaren mai, tunda nan ne motoci ke kamawa da wuta. Kafireta tana son matsin mai kaɗan, bar 0.2 zuwa 0.3. Injektar Golf 3 mai kai ɗaya tana aiki da wajen bar 1, masu injekta huɗu wajen bar 3, tsofaffin Marsandi irin su 190E kuwa sun haura bar 5. Abin da ke tare mai a kafireta allura ce ƴar ƙarama da fulot ke turawa. Ba a yi ta don ta tare bar 1 ba. Matsin sai ya ture ta, kofin man kafireta ya cika ya tumbatsa, mai ya gangara cikin manifol ko ya zubo waje. A wannan injin kuma manifol ɗin salansa yana ƙarƙashin na mai daidai, a gefe ɗaya. Ka ga inda man yake ɗiga.

Hanya biyu ce mai kyau. Ko dai a bar famfon cikin tanki, a sa regileta mai layin komawa, irin wadda ke mayar da rarar mai tanki ta tsohon layin da motar ta zo da shi (baƙin layi shi ke kawowa, shuɗi ke mayarwa). Regileta marar layin komawa ba ta dace da famfon injekta ba, famfon zai yi ta tunkuɗa a toshe har ya ƙone. Ko kuma a zare famfon cikin tanki, a maye gurbinsa da guntun tiyo da rariya a ƙarshensa, a ɗaura ƙaramin famfon lantarki na kafireta a waje, kusa da tanki kuma ƙasa-ƙasa, domin irinsa ya fi iya turawa a kan zuƙowa. Filta ɗaya kafin famfo, ɗaya kafin kafireta.

Tiyon da zai zauna cikin tanki sai wanda aka yi don nutso cikin fetur. Tiyon mai na yau da kullum cikinsa kawai ke jure fetur, bayansa kumbura yake yi ya saɓule, gutsattsarinsa su tafi su toshe jet, wato ƴan hujojin da ke auna mai a kafireta.

Bayan an gama a sa geji a bakin kafireta a karanta, kada a yi da ka. Sannan a cire tiyo a tara cikin gora: kusan rabin lita cikin daƙiƙa 30 ya wadatar.

Direban haya: Oga, famfon Golf 2 na jikin inji fa? Na ji an ce shi ya fi kwanciyar hankali.

Bakaniken inji: In ya samu wurin zama, ya fi. Ƙaramin shaf ɗin da ke juya distiributa shi ke buga shi. Sai dai wani bulok ɗin injekta an rufe wurin da faranti, wani ba a huda ba sam, kuma ko da hujin yana nan shaf ɗin na iya zama ba shi da gwiwar da ke buga famfon. A buɗe a leƙa kafin a sayi famfo.

Bakanike daga Kano: Mu dai a nan abin da aka saba shi ne a sa mahaɗi mai baki uku a layin mai, baki ɗaya ya tafi kafireta, ɗaya ya koma tanki, a matse na komawar da ɗan jet a ciki. Motoci da yawa suna yawo a haka.

Mai kafireta: Suna yawo, Oga, ban musa ba. Amma matsin da ke isa allura a wannan tsarin ya dogara da girman hujin nan da ƙarfin batir. A silo, inda inji ke shan mai kaɗan, matsin yana hawa. A kan hanya da lodi yana faɗuwa. Shi ya sa za ka ga mota na ambaliya a go-silo, in ta hau titi kuma tana shaƙewa a tudu. In dole sai an yi haka, a yi da geji a gwada a silo da kuma a guje. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne matse tiyo da waya, ko rage wa famfo wuta da kwan fitila.

Mai wayarin: Sai wuta. Distiributar Golf 3 ba ta da komai a ciki sai sensa da rota. Ba ta gaggauta wuta da kanta, kwakwalwa ke yi mata. In aka bar ta aka haɗa ta kai tsaye, taimin zai tsaya cak a wuri ɗaya: mota za ta tashi, silo ya yi daɗi, amma in ka taka ba ƙarfi, inji na zafi, salansa har ja take yi, mai kuma kamar ana zubarwa. Da yawa daga masu cewa kafireta ta kashe musu ƙarfin mota, wannan ne ciwon.

Abin da ake bukata saiti ne na Golf 2 mai kafireta, guda uku tare: distiributa mai nauyaya a ciki da gwangwanin zuƙar iska a gefe, modul ɗinta mai ƙafa bakwai (ɗan akwatin da ke kunna wa koyil wuta yana yankewa), da koyil ɗinta. Kada a cakuɗa koyil. Ta modul ba ta kai ohm 1 a ɓangaren shigar wuta, ta tsohuwar distiributa mai kwantak a madadin modul kuwa wajen ohm 3 ce, ko 1.5 mai tafiya da rasista. An sa ta kwantak a kan modul wuta ta yi rauni, an sa ta modul a kan kwantak a ƙone shi. Modul ɗin a ɗaure shi kan farantinsa na alminiyam, nesa da salansa, zafi ke kashe shi. Soket ɗin distiributa waya uku ne, an rubuta alamarsu a jiki, juya su sau ɗaya ya isa ya kashe sensar.

Jerin wuta 1-3-4-2. A daidaita da fitilar taimin ta hujin da ke saman giyabos inda ake ganin alamar filawil. A cire tiyon zuƙar iska a toshe, a fara daga digiri 6 zuwa 10 kafin fistin ya kai sama, sannan a taka a hankali ana kallo: alamar dole ta riƙa matsawa yayin da juyi ke ƙaruwa, ta kai wajen digiri 30 da ɗoriya. In ba ta motsa ba nauyayan sun cije, a kwance a wanke a ɗiga musu mai. A tsotsi tiyon gwangwanin da baki a toshe da harshe, in bai riƙe ba fatar ciki ta fashe.

Rilen famfo kuma kada a jona shi da makulli kawai. In aka yi karo inji ya mutu, makulli na buɗe, famfo zai ci gaba da feso mai. A bi da shi ta rile mai jin bugun koyil, ko ta makunnin matsin man inji, yadda inji na tsayawa famfo zai tsaya.

Bakanike daga Maraɗi: Gaskiya ne batun delko, wato distiributa. Ƙari guda: kafiretar Golf 2 ta asali, Pierburg 2E2, ba ta da sauƙi yadda ake zato. Tana da tiyoyin iska barkatai, da cok mai aiki da ruwan zafi da lantarki, da wani gwangwani mai riƙe silo. Wadda ta shekara talatin da wani abu, da wuya a samu duk waɗannan da rai. Wanda ya samu Weber 32/34 DMTL, wadda ake sa wa a madadinta, ya huta, cok ɗinta na hannu ne, jet ɗinta kuma ana cirewa daga sama. Kowacce za ka saya, kama sandar totur ka girgiza. In tana lilo, iska za ta riƙa shiga ta nan, silo ba zai taɓa zama ba komai iya juya sukurunka. Kuma a tabbata ta 1.8 ce, ta 1.6 kamarsu ɗaya a ido amma jet ɗin ba ɗaya ba.

Buji, wato fulogi, shi ke faɗin gaskiya bayan tafiya mai ɗan nisa: ruwan ƙasa daidai, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari don yana ƙona bawul.

Mai kayan gyara: Ƙananan abubuwan da ake mantawa har sai an dawo kasuwa sau biyu: tiyon da ke zuwa tukunyar birki da bawul ɗinsa, tiyon numfashin inji da ke komawa gidan filta, wayar volt 12 ta bayan makulli don ɗan solonoyid da ke yanke mai in an kashe mota (babu shi, inji zai yi ta kakkarwa bayan an zare makulli), da sifirin mai mayar da totur. Layin numfashin tanki da ke zuwa gwangwanin gawayi kada a toshe shi don an cire bawul ɗinsa, in ba haka ba famfo zai zuƙe tanki har mai ya daina zuwa, ka buɗe murfi ka ji fuuu.

Gidan filtar iska kuma kada a bar shi a buɗe ko a ɗaura soso. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe hujojin iska na kafireta ta kuma ci ringi.

Bakanike daga Jos: Abu biyu da injekta ke gyara wa kanta, kafireta ba ta yi. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, iska ba ta da kauri kamar ta Kano, saboda haka kafiretar da aka saita a can in ta zo nan mai yana yi mata yawa. Mai zama a nan ya rage babban jet mataki ɗaya. Cok kuma dole ya yi aiki, a sanyin Disamba ba za ta tashi da lallashi ba. Ruwan zafin da ke ratsa manifol shi ma a bar shi a jone.

A ƙasar zafi matsalar akasin haka ce. In an kashe mota da rana, zafin salansa na dafa man da ke kofi, bayan minti goma ta ƙi tashi sai an take totur ƙasa. Layin komawa yana taimakawa, da farantin kare zafi tsakanin manifol biyun, da nisanta tiyon mai daga hed.

Mai wayarin: Mai otomatik kada ma ya fara. Giyar otomatik ta Golf 3 tana da tata kwakwalwar, kuma sai ta san yadda aka taka totur take canza giya. An cire injekta, ta rasa wannan labarin, sai ta maƙale a giya ɗaya. Mai AC kuma ya nemi abin ɗaga silo, domin kwamfireso na kamawa inji zai nemi mutuwa. Katalis, wanda yara ke kira indomi, ba ya daɗewa a bayan kafireta, ɗanyen mai na narkar da shi ya toshe salansa.

Direban haya: Na gode, Allah ya saka. Tambaya ta ƙarshe, shan mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 shi ne lissafin kowa. Zai ragu?

Bakaniken inji: In da injekta marar lafiya kake kwatantawa, zai iya raguwa. In da lafiyayya ce, a'a, kafireta ba ta kamo ta, musamman a cikin gari da tsaye-tsaye, domin ba mai gyara mata awo in yanayi ya canza. Kada ka dogara da allurar dashbod. Cika tanki har wuya a famfo ɗaya, rubuta kilomita, yi tafiyar kilomita 200, koma ka sake cikawa, ka raba kilomitar da litar da ta sha. Yi haka yanzu bayan an gwada abubuwa huɗun da mai wayarin ya lissafa, ka ajiye lambar.

In an yi aikin, injektar da kwakwalwar da wayoyinsu a sa su a kwali a adana. Wayoyin a zare su daga soket, kada a bari yaro ya bi su da filaya.