"Da babu gara ba daɗi": a bakin wa ta dace?

Ɗan Kurmi: Jama'a, jiya a layinmu aka yi ta. Wani yana bin maƙwabcinsa dubu 80, dattawa suka shiga sulhu, aka yi rangwame ya biya 50. Wanda ake bin ya miƙa kuɗin yana murmushi, wai "da babu gara ba daɗi." Nan take mai kuɗi ya ce ya fasa, sai kotu. Shin ya yi gaggawa?

Na-Zaure: Bai yi ba. Maganar ta mai karɓa ce, da ita yake rarrashin zuciyarsa. Ragi kam yana da asali. Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyi suka tashi, Manzon Allah (SAW) ya yi masa nuni ya yafe rabi, sannan ya ce da ɗayan ya tashi ya biya. Wannan ƙarshen ne mutanenmu ba sa ji.

Uwar Biyu: Malam, kun tuna min kakata a Damagaram. Lokacin farin 1984 ta ranta wa wata tiya 10 ta gero. Da kaka ta yi, matar ta kawo 6 tana sunkuyar da kai. Inna ta auna, ta sake aunawa, ta ce huɗun ta ajiye su lahira. To amma duk bikin da suka haɗu, sai ta ɗaga murya: "Hajiya, ya ajiyata?" Har matar ta gaji ta aiko da huɗun, da ƙarin kuka da daddawa. Inna ta mayar, wai ba a taɓa ajiyar lahira.

Baban Nana: Wallahi gara kotu da wannan yafiyar!

Sarkin Shayi: Ku kuna ta tiya. Wani ya kwashe biliyoyi, ya amsa laifi, aka sassauta, ya biya tarar da ba ta kai kuɗin motarsa ba. Lauyoyi suka ce mana da babu gara ba daɗi.

Uwar Biyu: Ɓarawon akuya fa?

Sarkin Shayi: Yana jiran afuwar gwamna ranar Sallah.

Na-Zaure: Mun bar batun.

Ɗan Kurmi: To ni dai me zan ce wa mutumin? Gobe zai je wajen alƙali.

Baban Nana: Ka haɗa shi da jikar Inna.