Lauya ya karɓi kuɗi ya daina zuwa kotu, ina ake kai ƙararsa?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Idan lauya ya karɓi kuɗin aiki a shari'ar fili, ya daina halartar zama har Babbar Kotun Jiha ta kori ƙarar, kuma ba ya ɗaga waya, wa ke da hurumin hukunta shi?

Barista Hauwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kwamitin ladabtar da lauyoyi ne, LPDC, da ke Abuja. Amma kafin nan a ceto shari'ar tukuna, domin kwamitin ba ya dawo da ƙarar da aka kora. A je rajistarar kotun a nemi kwafin bayanan zaman da aka buga wa hatimi. A nan za a ga ranakun da lauyan bai zo ba, da irin korar da aka yi. In cire ƙarar kawai aka yi daga jerin shari'u saboda rashin zuwa, sabon lauya zai shigar da takardar canjin lauya, ya roƙi a maido ta. Alƙalai ba su cika ɗora wa mai ƙara laifin lauyansa ba, sai dai in an yi jinkiri. In kuwa hukuncin ƙarshe ne, wata 3 ake da shi na ɗaukaka ƙara.

Malam Bala:
Ƙari a kan bayanin Barista. Tun dokokin kwamitin na 2020 ana iya kai koke gare shi kai tsaye, ko ta hannun shugaban reshen Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya (NBA) na garinku. A rubuta abin da ya faru kwanan wata bi da bi, a yi rantsuwa a kai, a haɗa da rasit, shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin waya. Cikakken sunan lauyan da lambar rajistarsa suna jikin hatimin NBA da yake liƙawa a takardun kotu. Inda koke ke mutuwa shi ne kuɗin da aka miƙa hannu da hannu, babu rasit babu shaida.

Ɗan Fagge:
Na gode. To kuɗin fa?

Barista Hauwa:
Kwamitin na iya jan kunnensa, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli, kuma yana iya umartarsa ya maido kuɗi da takardu. Diyyar asarar da sakacin ya jawo kuwa, sai an shigar da ƙara daban a kotu. A kuma duba ko yana bin ragowar kuɗin aiki, domin da wannan hujjar wasu ke riƙe fayil.