Manhajoji sun yi yawa a wurin aiki, wa ke riƙe da igiyar haɗa su?

Kwantabul na Zango: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin lissafi a reshen wani kamfanin dillancin kaya nan Damagaram, uwar ma'aikatar tana Yamai. Manhajar magazan daban, ta sayarwa daban, lissafi kuma a wata manhaja mai suna Sage. Ƙarshen watan jiya na tarar da wani abokin cinikinmu na Kasuwar Dole ya zama mutum uku: nan an rubuta El Hadj, can Elh., wani wuri Alhaji. Bashinsa ya rabu uku, har muka ƙara masa kaya muna zaton ya kusa biya. Ku da kuke manyan wurare, yaya kuke yi?

Malam Mai Rezo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mun sha wannan. Abin da ya cece mu doka ɗaya ce: kowane bayani yana da gida guda. Sunan abokin ciniki a manhaja ɗaya tak ake buɗe shi, da lambarsa ta NIF, wato lambar da ofishin lanfo ke ba mai biyan haraji, sauran su ɗauka daga can, ba mai ikon gyarawa. Kuma mun daina haɗa kowace da kowace. Lissafa ka gani, manhaja 10 in kowace za ta yi magana da 'yar uwarta kai tsaye, hanya 45 ke nan. Wa zai iya kiwon su? Yanzu duk ta tasha ɗaya suke bi, kowace ƙofar API, wato inda manhaja ke musayar bayanai da wata, tana da mai ita, an rubuta sunansa a rajista.

Hajiyar Sabon Gari: Ni a harkar fiton kaya nake. Abin da muka shigar a SYDONIA, manhajar duwan, da hannu muke sake buga shi a tamu. Sifiri ɗaya ya ɓace, an shiga uku.

Ɗan Birni: Malam, rajistar nan ita ce maganar. A wurinmu wani yaro mai ƙwaƙwalwa ya ɗan haɗa wata dabara, kullum ƙarfe biyun dare tana kwashe cinikin yini ta kai lissafi. Ba wanda ya san da ita sai shi. Ya samu aiki ya tafi. Da aka gyara manhajar sayarwa saboda faktir mai shaidar ofishin lanfo, abin nasa ya ci gaba da tafiya shiru, amma yana zubar da layin TVA, harajin kashi 19 ɗin nan da ake ɗorawa kan kaya. Sati biyar kafin a farga! Ashe a wata tsohuwar kwamfuta yake ƙarƙashin tebur, an ɗora mata butar shayi. Tun ranar, ba a taɓa komai sai an gwada a gefe, mutum biyu sun sa hannu.

Hajiyar Sabon Gari: To amma ku faɗi ɗaya gefen. Kwamitin da ke ba da izini yana Yamai, ka nemi ƙaramin haɗi ka yi wata uku kana jira. Mutane sai su koma Excel da WhatsApp, ɓarnar da ake gudu ta dawo ta taga.

Malam Mai Rezo: Gaskiyarki Hajiya. Mu mun raba: abin da ya taɓa kuɗi, albashi ko bayanan mutane ya je kwamiti, karanta rahoto kawai shugaban reshe ya isa.

Kwantabul na Zango: Na gode ƙwarai. Litinin zan fara da Alhajin nan, in mai da shi mutum ɗaya. Malam, waɗanda ba su da NIF fa, da me kuke rarrabe su?

Malam Mai Rezo: Lambar waya, sai mu ba shi lambar gida ta kamfani. Amma ka tambaye shi layuka nawa gare shi tukuna.